Minti Ashirin Zuwa Lilongwe

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya yi wa Kyaftin Shabani Kibwana rasuwa a gidansa da ke Tanga. An ce in yi rubutu, tunda ni na fi kowa daɗewa ina mataimakiyarsa a tuƙin jirgin sama. To, Kyaftin, zan rubuta, amma ba irin wanda suke jira ba.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Lokacin da sauran matuƙa ke ƙin tashi da mace, kai ka ce a ba ka ni. Kullum akwai mandazi, irin fanken nan namu, guda biyu a jakarka, ɗaya nawa ne. Iya saukar da jirgi kuwa, har yau ban ga na biyunka ba.

Amma ka tuna safiyar da muka tashi daga Dar es Salaam za mu Johannesburg. Muna saman Malawi, Rehema, shugabar masu kula da fasinja, ta kira mu: wata dattijuwa, Mama Zuhura Mndeme, ta dafe ƙirji, numfashinta na sarƙewa, ga shi babu likita a jirgin. Na samu likitan da ke ƙasa ta rediyo, ya ce mu sauka Lilongwe, minti ashirin. Johannesburg kuwa sai bayan awa biyu da wani abu.

Ka ce, "Shekara talatin ban taɓa karkatar da jirgi ba, a kan tsohuwar da wake ya kumbura wa ciki zan fara? Ku sa mata iska."

"Kyaftin, likita fa ya ce..."

"Ke Mwanaidi, igiya nawa ce a kafaɗarki?"

"Uku."

"To, ni huɗu. Ja bakinki."

Na ja. Haka aka rene mu, ƙarami ba ya maimaita wa babba magana. Matuƙi ba ya barin kujerarsa, don haka ko fuskar dattijuwar ba ka gani ba. Rehema ce ta durƙusa tsakanin kujeru tana danna mata ƙirji har hannuwanta suka mutu. Muka sauka Johannesburg a kan lokaci, da gawa. Jikar da ta taho gani kwananta shida a duniya.

Ka rubuta a rahoto cewa rediyo ya yi ta katsewa, ba mu ji umarnin likita ba, don ka san na'urar ɗaukar magana awa biyun ƙarshe kaɗai take riƙewa. Ka turo mini takardar, na sa hannu. Shekara sha huɗu ina jiran ka faɗi gaskiya da bakinka. Da na je duba ka kana jinya, zancen kamun kifi ka yi ta yi mini. Na tsane ka a kan wannan, na kuma tsani kaina.

Jiya na nemo 'yar Mama Zuhura, na gaya mata komai. Abu ɗaya ta tambaye ni: "Kina zaune kusa da shi?" Na ce e.

Ina yi wa Mama Saumu, uwargidanka, da 'ya'yanku ta'aziyya, su yi haƙuri da ni. Allah Ya jiƙan Mama Zuhura. Allah Ya jiƙan ka, Kyaftin, Ya sassauta maka tambaya. Yafiya dai tana hannun 'yar tata, kuma har na fito ba ta ce ta yafe mana ba, ni da kai.