Yadda Hayatu Na-Ƙoshi Ya Kusa Kyautar da Karatunsa

Ka shiga kasuwar Talata Mafara ka ce kana neman Injiniya Hayatu, za a yi ta kallonka kamar ka tambayi hanyar Masar. Amma ka ce Na-Ƙoshi, ko akuyar da ke kwance bakin rumfar masu gishiri sai ta ɗaga ƙafa ta nuna maka gidansa. Dogon tsoho ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Shekara talatin da wani abu ya yi yana buɗe ruwa yana rufewa a hanyoyin ban ruwan Bakolori. Karatun da ya kai shi nan kuwa saura ƙiris ya kuɓuce masa, kuma ba wani maƙiyi ne ya so hana shi ba, bakinsa ne.

Mutumin Dosara ne, can wajen Maradun, ɗan Fulanin nan da suka daɗe da riƙe fartanya, sai 'yan shanu na tuna asali. Uwarsa, Inna Saude, tun yana goye ta jiƙa shi da fulako. Dokokinta uku ne: kada ka ci abinci gaban baƙo, kada ka ce kana da bukata, kada ka yabi kanka. Hayatu ya haddace su tun bai haddace sunansa ba. An ce yana ɗan shekara tara ya faɗa wata tsohuwar rijiya a bayan gari, wani mai jaki ya leƙa ya ce, "Kai yaro, in miƙo maka igiya?" Ya ce, "A'a baba, kak ka wahal da kanka, inuwa nika sha." Sai da la'asar aka fiddo shi, yana ta ba mutane haƙuri.

Basira kuwa akwai ta. A sakandare malamin lissafi kan rubuta tambaya a allo, kafin ya juyo Hayatu ya gama, ya kuma rufe takardarsa da hannu don kada a ce yana nuna kansa.

Yana ajin ƙarshe aikin datse gulbi ya kankama. Katafila ta cika ƙasa, tifofi na kai da komo, masu awo na kafa turaku a gonakin mutane. Aka ce fadamar su Hayatu tana cikin wuraren da ruwa zai shanye. Ubansa, Malam Mamuda, bai yi dogon zance ba. Ya ce in ruwa ya ci fadama, shi kam zai kaɗa 'yan shanunsa ya yi kudu, Hayatu kuma ya rataya sanda ya bi bayansu, boko ya isa haka.

Ana cikin haka wani kamfanin Turawa mai kawo bututu da injinan ban ruwa ya ce zai ɗauki nauyin yaro ɗaya tak daga Mafara da Bakura da Maradun, ya tura shi Kaduna koyon aikin injiniyan ruwa. Shugaban makaranta ya aika da sunaye, na Hayatu a sama. Sai dai akwai intabiyu. Wato dai ko Kaduna ko bin saniya, kuma duk abin yana rataye ga bakin yaron da bai taɓa cewa "ina so" ba.

Nan fa ƙanen uwarsa, Kawu Gajere, ya shigo. Masinja ne a kamfanin, aikinsa ɗaukar takarda daga wannan tebur zuwa wancan, amma in yana ba da labari a Dosara sai ka rantse Turawan ba su shan ruwa sai sun shawarce shi. Shi ya tasa Hayatu gaba kwana uku yana horo.

"Bature ba shi son kunya. In ya tambaye ka, ka dube shi tsakar ido kamar ya taka maka shuka. Kak ka tuɓe takalmi. Kak ka durƙusa. In anka ba ka abu, ka amsa. Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"To dube ni."

"Ina dubinka, Kawu," in ji Hayatu, idonsa a kan babban yatsan ƙafarsa.

Aka aro masa kwat wajen wani direban katafila, kwat ɗin da za a iya zuba Hayatu biyu a ciki har a samu wurin ajiye ƙwarya. Gajere ya ba shi takalmansa na Sallah. Ran intabiyu ya hau bayan tifa zuwa Mafara, ya sauka jawur da ƙurar jar ƙasa kamar an tsoma shi a manja. Furar da Inna ta dama masa da safe ma bai iya sha ba.

Daga hantsi har azahar suna jere a benci. Wanda ya shiga kafin shi Maikuɗi ne, ɗan ajinsu daga Bakura, ɗan mai shagon atamfa, wanda bakinsa ya fi kansa aiki. Ya fito yana gyara wuyan riga.

"Na gama da su. Baturen nan har roƙona ya yi in gyara mashi Turancinshi. Hayatu, shiga dai ka gaishe su, kak zuwanka ya zan na banza."

Hayatu ya isa bakin ƙofa, ƙafafunsa suka tuɓe takalmin da kansu. Ya shiga, gwiwoyinsa suka durƙusa da kansu. Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Mutum biyu ne a bayan tebur: Bature mai jan gemu da lofe a baki, da wani baƙin mutum mai kula da ma'aikata, Malam Modu. Hayatu bai ga fuskar ko ɗaya ba, takalmansu kawai ya gani. Da ƙyar aka lallashe shi ya ɗosana a bakin kujera.

Bature ya turo masa kofin shayi da farantin biskit.

"Na gode, ranka ya daɗe, na ƙoshi."

Bai rufe baki ba cikinsa ya yi wata ƙara, har Kawu Gajere da ke laɓe bayan taga ya rantse ya juya ya duba ko katafila aka tayar.

Da Turanci ake tambayar, da Turanci yake amsawa, tsaf, ba gargada. Abin da yake faɗa ne matsalar.

"Takardarka ta ce kai ne na ɗaya a lissafi."

"Dacewa ce kawai, ranka ya daɗe. Akwai waɗanda suka fi ni."

"Kamar wa?"

Hayatu ya laluba, sunan da ya zo bakinsa shi ne na wanda ya fita yanzu. "Kamar Maikuɗi." Maikuɗin da in ka ce bakwai sau takwas sai ya ce a ba shi zuwa gobe!

Bature ya rubuta. "Mahaifinka zai iya biya maka karatu?"

"Muna cikin rufin asiri. Ba mu rasa komai ba."

Bature ya sake rubutawa. Ya cire lofe, ya ce, "To gaya mini, kana son wannan karatu?"

Ransa na kururuwa, Kaduna na yi masa gizo, amma muryar Inna Saude na zaune daram a kan harshensa. Ya ce, "In an ba wani ma, duk ɗaya ne, ranka ya daɗe."

A bayan taga Kawu Gajere ya ɗora hannu biyu a ka. Bature ya ɗaga kafaɗa ya rufe fayil. Shi a ganinsa ga yaro mai ladabi, ƙosasshe, ɗan masu hali, wanda ba ya so. Me ya rage?

Sai Malam Modu ya miƙe ƙafafu ya yi hamma, ya ce da Hausa, kamar da bango yake magana:

"Dama na faɗa. Bafillace da boko? Kan da bai san komai ba sai ƙirga wutsiyar saniya. Tashi, bawana, je ka damo mini fura."

A karon farko Hayatu ya ɗaga kai. Me zai gani? Zane-zanen Barebari reras a kumatun mutumin, tun daga goshi har haɓa. Kowa ya san tsakanin Bafillace da Babarbare babu kunya, babu girma, babu ranka ya daɗe. Wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma wanda aka tsokana ya yi shiru ya zubar da mutuncin danginsa kaf. Inna Saude da kanta, mai dokoki uku, in Babarbare mai sayar da kanwa ya shigo Dosara sai ta bi shi da gori har bakin gari.

"Wa ab bawanka?" in ji Hayatu. Muryar da ta fito ko shi bai san yana da ita ba. "Kai da kyanwa ta yakushe ma fuska? Ni na ɗaya a lissafi tun aji ɗaya, ba a taɓa kada ni ba, ko da zazzaɓi!"

"Ƙarya. Yanzu ka ce Maikuɗi ya fi ka."

"Maikuɗi? Wanda ni ka yi mashi aikin gida shina ba ni ƙuli-ƙuli, ni kau ina cewa na ƙoshi?"

"To in ka isa, ga allo can. Hanyar ruwa mai faɗin kaza da zurfin kaza, ruwa na gudu kaza. Awa nawa za ta shayar da eka ɗari biyu? Na ba ka zuwa jibi, tunda kan Fulani a hankali yake tafiya."

Hayatu ya tashi, ya tuɓe kwat ɗin direba ya yar a kujera, ya ɗauki alli. Masu ba da labari sun ce har hayaƙi allin ya yi. Ya gama, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya ƙara da cewa in ƙasar irin jigawar Birnin Tudu ce a ƙara awa biyu, don yashi na shan rabonsa. A hanyar komawa kujera ya ja farantin biskit ya share shi tas, ya ɗauki shayin da ke gaban Malam Modu, ba nasa ba, ya shanye.

"Kai, ɓarawo! Ba ka ce ka ƙoshi ba?"

"Abin bawa na ubangijinshi ne."

"To ai ku masu arziki ne, ba ku rasa komai ba. Me za ka yi da karatun kamfani?"

Hayatu ya waiga ga babbar taswirar da ke manne a bango. Ya je ya ɗora yatsa a tsakiyar inda aka shafa shuɗi.

"Ga arzikin namu nan. Nan fadamarmu take, inda kunka shafa ruwa. In ban samu karatun ga ba, baɗi war haka ina kudu bayan shanu. Ina so. Wallahi ina so, ko barci ban yi saboda shi."

Sai a lokacin kunnensa ya jiyo wata 'yar murya ƙasa-ƙasa: ashe tun daga "wa ab bawanka" Malam Modu ke juya wa Bature kowace kalma da Turanci, har da ta kyanwar. Bature ya sake buɗe fayil, gemunsa na rawa don dariya, yana duban allo yana duban farantin da ba ko ɓurɓushi.

Kunya ta dawo wa Hayatu gaba ɗaya kamar an kwance dam. Ya yi waje da gudu, ba kwat, ba takalmi. An ce tifar da ta taso daga Mafara a lokacin, a Dosara ta same shi.

Mako uku bai fita ƙofar gida ba. Ya fara gyaran sandar kiwo ma. Ran nan da hantsi sai ga Kawu Gajere a kan keke, kwat a kafaɗa, takalma rataye a wuya, takarda a hannu yana kaɗawa tun daga bakin gari, yana shelar cewa shi ya gyara maganar da Turawa. An ɗauki Hayatu. A ƙasan takardar, da jan biro, an ƙara layi ɗaya da Hausa: a gaya wa bawana ya zo ya biya ni biskit da shayina.

Malam Mamuda ya saurara aka karanta masa, ya ce to, Allah ya sa albarka, ya karɓi sandar ya jingine. Inna Saude kuwa ba takardar ce ta dame ta ba. Gajere ya riga ya fesa mata komai.

"Hayatu, zo nan. An ce ka ci abinci gaban baƙi."

"Na ci, Inna."

"An ce ka yabi kanka, har ka ce kana so."

"Inna, Babarbare ne."

Ta juya maganar a ranta. "Shayin nashi, ka rage mashi?"

"Ko ɗigo."

"Madalla. Ɗana ne."

Ya yi karatunsa a Kaduna, ya dawo ya kama aiki a kan ruwan da ya shanye gonar ubansa. Manoman Bakura da Mafara sun san shi da abu ɗaya: in ya buɗe maka ruwa ka kawo masa ɗan buhun shinkafa ko kwandon tumatir na godiya, amsar ɗaya ce, har ta zama sunansa. Maikuɗi ya gaji shagon atamfa, kuma har gobe yana gaya wa masu ciniki cewa shi aka fara ba karatun ya bar wa Hayatu don tausayi. Hayatu in an kawo masa wannan zance sai ya sunkuyar da kai ya ce ai kusan haka ne.

Yanzu ya yi ritaya, yana zaune ƙofar gida a kan buzu. In ka je gaishe shi ka kai masa tsire, zai ce ya ƙoshi, ko da kwana biyu ya yi bai ci ba. Matarsa ta daɗe da gano maganin abin. Duk ran da ta ga ya rame, sai ta aika a kira mata Babarbaren nan mai sayar da turare a bakin tasha, ta zuba wa baƙon tuwo a babban akushi, ta ajiye shi daidai inda tsohon zai gani.