Abin da Ummaru Wanzami Ya Gani a Hannun Luba

Shekara arba'in Ummaru wanzami ya yi yana leƙa maƙogwaron yaran Bagama. Ɗan firit ne, ga surutun tsiya. Kafin ya gama maka aski ka san wanda ya sayi fili a Lambata. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai a kan 'yata Luba.

Tana shekara tara ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Muka kai ta ya cire mata belu, yadda aka cire mana muna yara. Bayan wata biyu yarinya ta rikice. Cokali ya riƙa suɓuce mata, kafaɗa na fizga, ga kuka ba dalili. Kowa a gida ya ce iska ce, aka shiga hayaƙi da rubutun sha. Wallahi na tsorata.

Ran nan Ummaru ya zo yi mini aski, Luba ta gifta. Sai ya ga kafaɗarta na fizga. Ya ajiye aska, ya ce ta damƙe yatsunsa. Sai hannun nata ya riƙa matse masa yatsu yana saki kamar mai tatsar saniya.

"Malam Sadisu, wannan ba iska ba ce," ya ce. "Yara uku na gani haka, duk bayan ciwon maƙogwaro, duk ni na cire musu belu. Fizgar ta daina da kanta, muka ce aljani ya sauka. Biyu sun rasu daga baya, ƙafa a kumbure, numfashi da ƙyar. Tashi mu je asibiti."

Da rabin kai a aske na fita. Likita ta saurari ƙirjinta, aka gwada jini. Ta ce ƙwayar cutar maƙogwaro ce, wadda cire belu ba ya kashewa, ta rikita garkuwar jiki, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, har ya fara taɓa zuciya, amma mun zo da sauran lokaci. Ta sa Luba a kan allura duk wata. Sannan ta dubi tsohon da mamaki, ta tambaye shi inda ya koya.

"A kan 'ya'yan mutane, likita," ya ce, kansa a ƙasa.

Bana Luba ta shiga sakandare. Ummaru bai sake cire belu ba. In uwa ta matsa masa, sai ya faɗa mata sunayen yaran nan biyu.