Malama Shafi Nawa

Yayata malamar adabi ce a sakandare, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni kuwa a aji uku muka raba gari da boko, ba wanda ya riƙe wani a zuci. Amma ko ni ban tsira daga hannunta ba. Tun muna yara, in ka kawo mata ƙara cewa wane mugu ne, sai ta ajiye wanke-wanke ta ce, "Me ya yi? Faɗi abin da idonka ya gani." Babanmu kafinta yakan ce da alƙali ta zama, da dukanmu muna gidan yari.

Da wannan hali ta shiga aji. Ɗalibi ya ce jarumin labari matsoraci ne, sai ta ce, "A shafi na nawa?" Haka sunan ya bi ta. Ba ta cika allo da rubutu don a kwafa. Gajeren labari take rabawa, a karanta sau biyu, sai a kaure da gardama, kowa yatsansa a kan layi.

Bara iyaye suka kai kuka: yara suna ajin ƙarshe, jarrabawa ta ƙarato, littattafan rubutunsu fari fat. Shugaban makaranta, dattijo mai shirin ritaya, ya kira ta ofis ya ce zai miƙa ajin ga wani malami mai cika allo sau uku kafin a buga ƙararrawa. Yaran da ta yi shekara biyu tana raino.

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, zauna mana darasi ɗaya. In ka ga shirme, ka karɓe."

Autarmu tana ajin, a bakinta na ji sauran. Shugaba ya zauna a bencin baya, gwiwa na gugar tebur. Yaya ta miƙa masa takarda kamar kowa. Labarin wani tsohon direban bas ne da ya hau motar haya zuwa gidan 'yarsa. Shi ke nan, ko faci ba a yi a hanya ba.

Da aka gama karantawa, Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, labarin mene ne?"

"Tsoho ya je ganin 'yarsa. Darasi: a riƙa zumunci."

Dogo, wanda ya fi kowa barci a aji, ya ɗaga hannu. "Malam, layi biyu aka ba 'yar. Ƙafarsa ta dama kuwa sau uku aka ambace ta."

"To sai me? Ciwon ƙafa gare shi."

Autarmu ta ce, "Duba inda take motsi, Malam. A mararraba, a gangara, da inda akuya ta gitta. Birki yake takawa. An raba shi da mota, ƙafar ba ta samu labari ba."

Shugaba ya gyara tabarau ya koma kan takarda. Wata ta tambaya don me tsohon ya ƙi kujerar gaba da yaron mota ya ba shi. Rabin aji suka ce girman kai. Yaya tana jingine da taga, ta bar su suna ta yi.

"Ku dakata," in ji Shugaba. "Ba ku san tsufa ba. Layi na ƙarshe, ya kau da kai daga madubi. Ba ya son sabon direban ya ji ana sa masa ido."

Dogo ya ce bai yarda ba. Aka buga ƙararrawa suna yi, babu wanda ya tashi.

A bakin ƙofa Shugaba ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "Riƙe ajinki, Malama. Amma don Allah su riƙa zuba surutun nan a littafi, iyaye su ga baƙin rubutu."

Ranar shafi uku autarmu ta rubuta, tana yi tana tsine wa direban. Ni kuwa mako guda na yi ina ba da labarin a shagon aski, har masu jiran layi suka fara gyara min in na yi ƙari.