Tulun Lissafi da Binnen Kakata

Shekarar da fari ya fi matsa mana a Tozai, abin da ya rage a rumbunmu tiya biyu ce ta irin gero, ɗaure a tsumma. Ina 'yar shekara tara. Babana ya dawo daga kasuwar Isa da labarin wani mai bugun ƙasa da ya zana layukansa a rairayi, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce bana ma babu gero. Baba ya yanke shawara: gobe a daka irin nan mu sha, jibi mu bi mutane kudu.

Kakata Ige, mahaifiyarsa, tana zaune tana jin sa. Bayan magariba ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta kamar kullum, muka kewaye ta. Baba na gefe, wai gyaran igiya yake yi.

"Ga ta nan ta taho da ƙafarta," in ji Kaka, tana buɗe tatsuniya. Muka ce ta zauna mu ji ta.

Wai wani maƙeri ne ya ƙera tulun tagulla, ya zuba masa tsakuwa, ɗaya ga kowane mutum na garin. In an girgiza shi sai ya faɗi abin da zai faru, kuma bai taɓa kuskure ba. Wata shekara ya ce ba za a sami gero ba, mutane suka cinye irinsu. Wata tsohuwa mai taurin kai ta je ta tambaye shi dalili. Ya ce don ba wanda zai yi shuka. Ta ce don me? Ya ce don sun ji abin da ya faɗa.

Kaka ta ɗaga murya yadda Baba zai ji. "Sai tsohuwa tac ce, 'To ni hwa?' Tulu yac ce, 'Na ƙirga duk abin da kinka yi jiya da shekaranjiya.' Tac ce mishi, 'Gobe kuwa ban yi ta ba tukuna.'"

Nan ta tsaya. Na ce, "Kaka, sai me ya faru?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Sai da sahe."

Haushi ya kama ni, don ba ta taɓa barin tatsuniya ba ƙarshe ba.

Da gari ya waye ta fito da sungumi a kafaɗa, irin a bakin zanenta. Binne za ta yi, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Baba ya tare ƙofa.

"Inna, in anka yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tsiro ya mutu, mun rasa ci mun rasa shuka."

"Na sani," ta ce. "Ruwa na Allah na, Shi ɗai ya san ranarshi. Amma hannun ga ni anka ba. Za ni gona."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya miƙa hannu ya karɓi sungumin. Ranar yana sara, tana jefa iri tana rufewa da diddige, har rana ta take.

Ruwa ya yi jinkiri, rabin shukar ta ƙone. Rabin da ya tsira ya riƙe mu da ƙyar, kuma da bazara ta zagayo, maƙwabtan da suka dawo daga kudu gidanmu suka zo neman iri.

Yau aikina rubuta wa kwamfuta lissafin hasashen ruwan sama, ana aika wa manoma ta waya. Ina alfahari da shi, ya kuma fi mai bugun ƙasa gaskiya nesa ba kusa ba. Amma na san abin da nake zuba masa: jiya da shekaranjiya. Wani abokin aikina ya nace wata rana inji zai san zaɓin mutum tun kafin ya zaɓa. Wataƙila. Ni dai na ga babana a bakin ƙofa, shi kansa bai san zai miƙa hannu ba sai da ya miƙa.

Kafin Kaka ta rasu na tuna mata har yanzu ba ta ƙarasa mini tatsuniyar tulu ba. Ta yi dariya har da tari.

"Ƙarshenta? Ke da kinka sha shi cikin hurar geron da munka binne?"