Cin Ranin Gwaggo

A shekarun da na yi aiki a asibitin mishan da ke kusa da Madawa, ni ke riƙe da makullin ɗakin tsofaffin katunan marasa lafiya. Ɗaki ne mai zafi da gara, ba mai marmarin shigarsa. Ni kuwa ina tsaronsa kamar rumbuna, domin katin gwaggona yana ciki.

Mu mutanen Adar, in ciwon kunya ya kama mutum, ba ya cewa za shi asibiti. Sai ya jira girbi ya wuce, ya ɗaure ƙunshinsa, ya ce ya tafi cin rani. Haka Gwaggo ta yi da tabo ya fito mata a baya. Kuturta ce, amma an tare ta da wuri. Ta warke sumul, ta koma Tama ta ci gaba da sayar da furar da take ciyar da marayunta. To wa zai sha furar wadda aka ce ta taɓa kuturta?

Wata shekara sai ga wani mai bincike daga Yamai, mutum mai ladabi, da takardar izini da mota. Yana son ya karanta katunan kutare, sannan ya bi kowa har gida ya ga yadda ya ƙare. Raina ya ɓaci.

Na ce, “Malam, mota in ta tsaya ƙohwar gida, kahin ka sabko gari duk ya ji. Mi za a ce ma maƙwabta?”

Ya ce, “Madam, don a taimaki na baya ne.”

Gaskiyarsa, amma ba da asirin Gwaggo za a yi wannan taimako ba. Na wuce wurin babban likita, na dangwarar da makullin a kan teburinsa.

Na ce, “Mutanen ga amana sunka ba mu. In sunansu ya hita, ku nemi wata ta riƙe muku.”

Ban ambaci Gwaggo ba. Likita ya san halina sarai. Daga ƙarshe ya yanke: a karanta ciwo da magani, a rufe suna da gari, kuma ba mai zuwa gidan kowa.

Ni aka sa rufewar. Na yanko kwali, ina ɗora shi a saman kowane kati, baƙon yana kwafe abin da ya rage. Har ga Allah daɗi kamar ya kashe ni. Da muka zo kan katin Gwaggo na danne kwalin da babban yatsa.

Ya duba, ya rubuta, ya ce, “Mace, ta warke. Madalla. Kawo na gaba.”