Ɗan Kunne Mai Ɓawon Gyaɗa

Malam Barau maƙerin fari ne na Kurugu, irin waɗanda ba ruwansu da baƙin ƙarfe, sai azurfa da zinare. Shekara arba'in ya yi a zaurensa, kuma daga Ƙaraye har Rogo babu amaryar da ba ta san ɗan kunnensa mai siffar ɓawon gyaɗa ba, wanda ake saƙawa da siririyar waya. In aka yabi aikin, sai ya shafa gemu ya ce baiwa ce daga Allah. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai taɓa faɗin wanda Allah ya bai wa baiwar ba.

Shi dai yana narka azurfa ya ja waya, a nan gwanintarsa ta tsaya. Yatsunsa sun yi wa saƙar kauri. Matarsa Saudatu ce take yin ta a tsakar gida, tsakanin daka da girki, shi kuma ya fito da aikin a aljihu ya karɓi yabo.

Ɗan ƙaninsa Badaruddeen, wanda ya koyi narka a wannan zauren, ya tafi Kano ya buɗe shago. Shago ya zama kamfani, har da reshe a Abuja, kuma wannan ɓawon gyaɗar ne tambarinsu, yanzu da zinare, a kunnen matan manya. Da kamfanin ya cika shekara ashirin da biyar, Badaruddeen ya bugo waya cewa ranar Asabar zai zo da masu kamara, a ɗauki Baffa yana saƙa ɗan kunnen da hannunsa, don duniya ta ga inda tarihinsu ya faro.

Malam Barau ya amsa da to. Tuwo ya daina shiga. Kwana huɗu yana ɓuya a bayan rumbu yana gwadawa, waya tana tsinkewa. Ya yi tunanin ya ɗaure hannu ya ce ƙuna ya yi, sai ya tuna ramin ƙarya ƙurarre ne. Saudatu tana ganin komai, kuma hakan ya fi komai damun sa.

Asabar ta zo, zaure ya cika da dattawan gari. Malam Barau ya narka azurfa, ya ja waya, aka yi ta madalla. Sai aka miƙo masa hantsaki, mai kamara ya matso. Ya lanƙwasa wayar sau ɗaya, ta karye.

"Baffa, ko gajiya ce?" in ji Badaruddeen. "Sai mu ɗaga zuwa gobe."

Ga hanyar tsira an buɗe masa. Malam Barau ya kalli guntun wayar, tsoro da kunya suna cin sa, sannan ya ajiye hantsakin.

"Ba gajiya ba ce, ɗana. Ban taɓa saƙa ko ɗaya ba. Shiga ciki ka yi wa Innarka sallama, tarihin naku yana hannunta."

Badaruddeen ya shiga, jim kaɗan ya dawo da saƙo: ta ce za ta saƙa, amma sai Malam ya ja mata sabuwar waya, don tun da take ba ta taɓa aiki da ta wani ba.

Malam Barau ya jawo zuga-zugi, ya sake hura wuta.