Zubaida Wali, Wadda Ta Fito da Shaidata Daga Cikin Kwalla

Da hantsi, in ta kammala aikin gidanta, Zubaida Wali takan rataya wata tsohuwar jaka ta fito. In ka leƙa jakar ba ka ganin abin kirki: sukundireba biyu, cajoji iri-iri a ƙulle da roba, layukan waya na gwaji, da buroshin haƙori wanda ya gama aikin baki. Kwana uku tana nan Gummi, gida-gida. Sauran ranaku ta hau mota zuwa Bukkuyum, wani mako har Anka ake kiranta. Aikinta gyaran akwatin waifai, 'yar na'urar nan mai ƙyafta fitilu wadda ake sa wa layi ta raba intanet cikin gida. Masu gyara maza sun cika bakin tasha, amma iyakarsu zaure. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga", sai su tsaya waje suna ƙwala tambaya kamar masu sayen dussa. Ita kuwa sallama kawai take yi ta wuce har ƙuryar ɗaki. Shekara takwas ke nan, ban taɓa jin an ambaci sunanta a taro ba.

Ni ce Balaraba, ta unguwar bakin gulbi. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Jamilatu ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta sa wa maganata zuma.

Ku tambayi matan Bukkuyum. Akwai gidan da data ke ƙarewa cikin kwana biyu, har maigidan ya fara zargin iyalinsa da kallon banza. Da Zubaida ta zo, sai ta zagaya bayan gidan. Samari goma sha ta tarar jingine da katanga, kowa ya duƙufa kan waya, suna tsotsa kamar kaska. Ta koma ciki ta sauya lambar sirri, katanga ta watse, aure ya zauna. A Anka kuma an ce wa wani malami tsawa ce ta ƙone tasa akwatin, Zubaida ta ja tabarma ta nuna masa wayar caja da ɓera ya ci.

Amma ni abin da ya sa na ɗaga murya, gonata ce.

Ina da gonar shinkafa a fadama. Sadakina ce. Mai gidan nan, Allah Ya jiƙansa, shi ya ba ni ita shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, gaban shaidu. Bai yi shekara a ƙasa ba sai ga Shitu, ɗan ƙanensa, wanda na goya a bayan nan nawa har ya yi mini fitsari, ya je ya kafa turaku cikin gonar. Wai ta gandu ce, gado za a raba. Shaidu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura mutum ɗaya, Malam Sahabi, wanda ya tafi Makka ya zauna tun ina goyon fari. Mai unguwa da liman suka ce a kira shi a waya. Shitu ya ce bai yarda ba, murya ana kwaikwayonta, sai dai a ga fuska. Aka sa ranar Alhamis a zaurena. Ɗan Malam Sahabi kuma ya aiko cewa ranar Juma'a za a kwantar da tsohon asibiti a yi masa aiki, kuma shekarunsa sun yi nisa. Ranar Alhamis ɗin nan ita kaɗai gare ni.

Ɗana Nuruddeen da ke aiki Gusau ya riga ya aiko mini da akwatin waifai, da ita muke gaisawa ina ganinsa yana ganina. Wata biyu lafiya lau, sai ta fara iskanci. Hoto ya tsaya baki buɗe, murya ta yi ta tsinkewa, daga baya ma shiru. Masu gyara uku na kira. Kowanne ya tsaya zaure.

"Inna, wace wuta ke kamawa?"

"Ja."

"To ta mutu. A sayo sabuwa."

Nuruddeen ya aiko da sabuwa dal. Kwana biyu, ita ma ja. Na kira na huɗu, shi kuma cewa ya yi wai ko gidan yana da iska, a nemi rubutu. Ka ji sakarci! Ina zaune cikinsa shekara arba'in aljani bai taɓa ni ba, sai akwati?

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, Jamilatu ta kawo mini Zubaida. Na dube ta sama da ƙasa, 'yar siririya, hijabi har ƙasa. Na ce a raina maza huɗu sun kasa. Ita ba ta tambaye ni wuta ba.

"Inna, yaushe ta fara?"

"Tun ranar da kaza ta ture ta daga taga."

"Daga nan ina kika maishe ta?"

Na kai ta ɗaki, gaban jerena, na ɗaga murfin babbar kwalla, inda nake ajiye awarwarona da turare. Ga su nan su biyu, tsohuwa da sabuwa, a naɗe cikin ɗankwali, wayar caja ta leƙo ta gefen murfi. Yarinyar nan ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa.

"Ke, mi na abin dariya? Abu mai daraja ina aka aje shi?"

"Yi haƙuri, Inna. Amma in na sa ki cikin kwalla na ruhe, kina jin kiran salla?"

Gaskiya ɗaci gare ta, amma ban yi gardama ba. Ta ce ƙarfe yana tare sabis kamar yadda bango ke tare iska, ɗankwali kuma ya hana ta shan iska har batirin tsohuwar ya kumbura. Ta nuna mini, ya yi tulu kamar ƙosai. Cajar da nake sa wa sabuwar kuwa ashe ta tocila ce, ba ta ƙosar da ita. Ta zaro layin ta goge, ta sa nata na gwaji don ta tabbata ba daga layi ba ne, ta mayar da nawa, ta ba ta cajar da ta dace. Wutar ta koma kore. Na fara guɗa, ta ce in dakata, sandar sabis ɗaya ce kawai, ba za ta ɗauki hoto daga Makka ba. Ta ɗauki akwatin tana yawo da ita cikin gida, idonta kan waya, daga madafa zuwa turken awaki zuwa gindin rijiya. Rufin kwano da kaurin ginin ƙasa duk suna cin sabis. Sai bayan zaure, da ta ɗaure ta a kan doguwar gora ta ɗaga sama, sanduna huɗu suka cika. Ta ɗaura mata faifai a ka don rana, ta ce faifai ba ya tare komai.

Ranar Alhamis tun da safe aka ɗauke wuta. Sai ga Zubaida da batirin babur cikin jaka, ashe ta san halin masu wuta. Ga iskar hadari ta taso, gora ta ƙi tsayuwa, in ta karkata sabis ya gudu. Ba ta tsaya neman mai riƙewa ba, ta rungume ta da hannu biyu.

Cikin zaure mai unguwa ya jingina waya a kan buta. Ni ina bakin ƙofa ta ciki. Sai ga fuskar Malam Sahabi, ya rame, gemu fari fat, amma idon nan nasa yana nan. Liman ya yi salati, don tare suka yi karatu.

"Kai, har yanzu kana nan da ƙaton rawaninka?" Malam Sahabi ya ce wa liman. Aka yi dariya. Ya ce, "Wanga na gefenka ɗan wa na?"

Aka ce Shitu ne.

"Af! Kai ubanka ya riƙa igiyar awo ran da anka ba Balaraba gonag ga. Daga giginya mai rassa biyu..."

Hoto ya daskare. Baki buɗe, shiru. Shitu ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Kun gani ko? Wagga ba shaida ba ta. Wasan yara na."

Na juya na ƙwala kira ta kan katanga. "Zubaida!"

"Na ji, Inna! Ku riƙe shi nan, kada ya hita!"

Na ratsa zauren na cika ƙofar waje da jikina. Na ce masa, "Na goya ka, ina iya zaunar da kai." Ita kuma can baya ta sauke gora, ta kashe akwatin, ta ƙirga abin da za ta ƙirga, ta kunna, ta ɗaga, ta juya fuskar akwatin yamma. Kafin Shitu ya sami takalminsa ɗaya, muryar tsoho ta cika zaure.

"...zuwa tsohuwar kwata inda masunta ke ɗaure jirage. Sadaki na, ba gado ba. Na shaida, Allah kuma Shi na shaida."

Ya maimaita har sau uku, kowa yana ganin leɓensa. Mai unguwa ya ce magana ta ƙare, Shitu ya je ya tuge turakunsa da hannunsa.

To a nan ne raina ya ɓaci. Maza suka fito suna cewa kai, Bature ya iya sihiri, kai, Nuruddeen ɗan albarka. Ba wanda ya zagaya bayan zaure. Ni na zagaya. Na iske ta zaune a ƙasa, hijabi sharkaf da zufa, gora ta daddatse mata tafin hannu. Fiye da awa guda tana riƙe. Abin da ta fara tambayata shi ne, "An ji shi sosai?"

Ke ce, Zubaida, mai shiga inda maza suka tsaya. Ke ce ba ki ce a sayo sabuwa sai kin tambayi inda tsohuwa ke kwana. Kin yi mini dariya, na yafe, don dariyarki ta fi kukan da zan yi. Na gode. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki a hanyar Anka da ta Bukkuyum, Ya sa hannun nan ya shaide ki ranar gobe.

Ku kuma masu cewa mace mai yawon gidaje ba ta da kamun kai, na ji ku, kuma na san gidajenku. Da matanku suka rasa jin 'ya'yansu da ke nesa, wa kuka aika a kira? Ku masu gyara na bakin tasha, ku koyi tambaya kafin ku yanke wa abu mutuwa. Mai ɗiya mai kai, ya kai ta wurin Zubaida ta koyi aikin, don mace ɗaya ba ta isar ƙananan hukumomi uku.

Shitu ya tuge turaku goma sha ɗaya. Ɗaya yana nan gefen giginya, wai ya manta. Ban taɓa shi ba, kuma na hana kowa taɓawa, shi zai zo ya duƙa. Shinkafa kuwa ta riga ta yi ciki. Zubaida, ranar yanka ki zo da buhu, ba da jakar nan taki ba.